Hoton faɗuwar rana: haske tukuna, launi daga baya

Ka ce ka hau Dutsen Dala da almuru ka ɗauko faɗuwar rana, sama ta fito fari fat, gidaje baƙi ƙirin, da ka ƙara launi kuma hoton ya yi jawur kamar an zuba masa manja. To yaro, da abin ƙarshe ka fara.

Buɗe hoton a Lightroom, manhajar gyaran hoto, ka duba histogiram, wato jadawalin da ke nuna rabon duhu da haske a hoton. In ya taru ya jingina da bangon dama, wurin da ya fi haske ya ƙone. Da RAW ka ɗauka, wato ɗanyen fayil na kyamara? Akwai sauran rabo, don RAW na riƙe bit 12 ko 14, wato dubban matakan haske. JPEG kuwa bit 8 ne, matakai 256 kacal ga kowane launi, shi ya sa in ka matsa masa sai sama ta tsattsage layi-layi.

Ja hailait, maɓallin wurare masu haske, ƙasa, wajen -60 zuwa -80, har gefen gajimare ya dawo. Ƙwallon ranar kanta ka bar ta da farinta. In ka tilasta mata sai ta zama toka-toka. Sannan ka ɗaga shado, maɓallin inuwa, +30 ko +40, ka tsaya. Nan yara ke zarcewa, su haska ƙasa tamkar tsakar rana, alhali kowa ya san da magariba gari duhu yake. Banda ƙaryar da hoton zai yi, tsaki-tsaki ma za su cika inuwar. In sama ta fi ƙarfinka, ware ta ita kaɗai da mask, abin keɓe ɓangare ɗaya na hoto, ka rage mata haske rabin mataki zuwa ɗaya. Sai ka zuƙo hoton ka bi bakin rufin gidaje da hasumiyar masallaci. Ka ga farin zare ya kewaye su? Ka wuce gona da iri, sassauta.

Yanzu launi. Kyamara in an bar ta ta zaɓi fari da kanta, ɗumin yamma take ɗauka kuskure ne ta goge shi. Mayar da ma'aunin ɗumin launi zuwa 6000 ko 6500K. Na asuba kuwa kada ka ɗumama shi haka, shuɗin da ke kwance cikin inuwa shi ke nuna safiya ce. Saturashin, maɓallin ƙara launi, ka ƙyale shi a sifili, domin launin ja shi ke fara cika ya toshe, gajimare ya zama dunƙule ɗaya. Shiga wurin launuka ɗai-ɗai, ka rage hasken ruwan lemo kaɗan, launin zai yi kauri da kansa.

Da hunturu kuma, maɓallin yaye hazo kada ya wuce +15. Ƙurar ita ce kyan hoton, kuma maɓallin yana tono duk ɗigon dattin da ke kan sensa, wato abin da ke kama hoto a cikin kyamara, sai ka bi su ɗaya-ɗaya kana gogewa.

Ka fitar da hoton a tsarin launi na sRGB in waya za a kalla. Gobe in ka koma, kafa kyamara kan ƙafarta, ka ɗauki uku da haske daban-daban: -2, 0, +2, mu haɗa su a shago.