Kwas ɗin kwiya tiyori ya sha mini kai, ya zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina yin digiri na biyu a soshiyoloji a Ingila, wannan zangon an sa mana kwas ɗin kwiya tiyori (queer theory, fannin da ke nazarin yadda ake rarraba mutane ta fuskar jinsi da sha'awa) kuma dole ne. Sati uku kenan ina fama da rubutun Judith Butler, wata masaniyar falsafa Ba'amurkiya, shafi ɗaya sai in maimaita sau biyar ban gane komai ba, ga shi kuma zuciyata ba ta kwanta da abin ba saboda addinina. Ya zan yi in ci kwas ɗin nan?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ki kwantar da hankalinki, ba kanki ne ya gaza ba, ba kuma turancinki ba ne, su kansu Turawan kuka suke da rubutun matar nan, har a 1998 wata mujallar falsafa ta ba ta lambar wadda ta fi kowa murɗa jimla. Abin da ya faru shi ne an jefa ki tsakiyar zance, kamar ki shiga gida ana rabon gado ba ki san waye ɗan waye ba.

Fannin a Amurka aka haife shi. Kalmar kwiya da can zagi ce ga masu neman jinsi ɗaya, a lokacin annobar ƙanjamau sai suka karɓe ta suka mayar da ita sunansu, sannan a 1990 wata malamar jami'a, Teresa de Lauretis, ta sa wa wani taro suna kwiya tiyori a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Cruz, a shekarar kuma littafin Butler mai suna Gender Trouble ya fito.

To ki ajiye Butler tukuna. Ki fara da Michel Foucault, masanin falsafa Bafaranshe, juzu'in farko na tarihin jima'i da ya fitar a 1976, ɗan siriri ne. Hujjarsa ita ce a Turai ta da coci da kotu suna ganin neman jinsi ɗaya a matsayin aiki ne wanda aka haramta, kowa na iya faɗawa ciki, sai likitocin ƙarni na 19 suka mayar da mai aikin wani nau'in mutum daban mai sunansa da halittarsa, har ya kafa misali da rubutun wani likita Bajamushe, Westphal, na 1870. Tambayar fannin kenan gaba ɗaya: wa ya raba mutane gida-gida, yaushe, kuma wa rabon ya amfana.

Sai J. L. Austin, masanin falsafar harshe ɗan Ingila, wanda ya nuna akwai maganar da ita kanta aiki ce. Wannan mu ba baƙonmu ba ne, in waliyyi ya ce "na ba shi aurenta" wakilin ango ya ce "na karɓa" gaban shaidu ai ba labari suka bayar ba, aure ya ɗauru. Nan Butler ta ɗora. A wajenta in ungozoma ta ce "mace ce", an fara wani aiki da za a yi ta maimaitawa, a huda kunne, a ɗaura zane, a yi ta cewa zauna kamar mace, kuma maimaicin nan ne yake sa abin ya zama kamar haka yake tun fil azal. Kada ki rubuta cewa ta ce jinsi riga ce da mutum ke zaɓa da safe, ita da kanta ta musanta haka a littafinta na 1993, kuma nan ɗalibai suka fi zubar da maki.

Maganar addini kuwa ban ɗauke ta da wasa ba. Amma mai duba takardarki ba akidarki zai auna ba, so yake ya ga kin faɗi hujjar marubuci daidai yadda shi ma zai yarda haka ya ce, sannan ki kawo taki. Kuma masu suka suna nan cikin malaman kansu. Martha Nussbaum ta yi wa Butler raddi mai zafi a 1999, Oyeronke Oyewumi a 1997 ta ce rabon jinsi irin na Turawa ɗora wa Yarabawa shi aka yi, Joseph Massad kuma a 2007 ya soki yadda ake kai sunayen da Turawa ke rarraba masu neman jinsi ɗaya da su ƙasashen Larabawa. Abu ɗaya nake roƙonki, a aji akwai waɗanda rayuwarsu ce ake tattaunawa ba darasi kawai ba, ki yi musu da hujja cikin mutunci kamar yadda kike so a yi da addininki.

In aka zo zaɓen maudu'in rubutu ki duba littafin Allah Made Us na Rudolf Gaudio, 2009, bincike ne kan 'yan daudun Kano da salon maganarsu. Ke Hausa ce yarenki, za ki iya gane inda fassararsa ta dace da inda ra'in Amurka ya kasa ɗaukar abin, malaminki ma da wuya ya iya wannan. Ki kai masa shawarar a lokacin ganin ɗalibai tun kafin sati na shida, tare da shafi ɗaya na Butler da kika ja wa layi inda kika maƙale.