Tambayoyinku da Amsoshin Masana: Ɗaliban Hoto a Asibiti

Salamu alaikum. Ina karatun aikin ɗaukar hoton eksire, kuma an tura mu asibiti koyon aiki. Hoton ƙirji ne ke ba ni wahala, sau da yawa sai mai kula da ni ya ce a sake. Ina nake kuskure?
Ɗaliba, Samaru

Wa alaikumus salam, ƙanwarmu. Yawancin hoton da ake sakewa tun kafin a danna maɓalli ya lalace, wajen shirya majiyyaci. Kuma kowace sakewa ƙarin hasken eksire ce a jikin mutum ba tare da dalili ba, shi ya sa mai kula da ke yake tsanantawa.

Fara da takarda. Ki sa majiyyaci ya faɗi sunansa da bakinsa, ki gwada da shekaru da lambar kati, domin a benci ɗaya za ki iya samun masu suna iri ɗaya har uku. Mace mai shekarun haihuwa ki keɓe ta, ki tambaye ta ranar al'adarta ta ƙarshe da ko tana da juna biyu. Sannan a cire sarƙa, fil ɗin hijabi, rigar mama mai ƙarfe, laya da kuɗin aljihu. Kitso mai kauri da ya sauko kafaɗa yana fitowa kamar tabo a saman huhu, a ɗaure shi sama. Idan dattijuwa ce, ki ce "Mama, a canza riga a bayan labule," ki ba ta lokaci. Kunya ce ke sa wasu su ɓoye abin da ke jikinsu.

Tsayuwa ita ce gundarin aikin. Ƙirji ya manne da allon hoto, haɓa a ɗage, bayan hannuwa a kan ƙugu, a turo kafaɗu gaba don allon kafaɗa ya fita daga kan huhu. Tazara tsakanin bututun da ke fitar da hasken da allo santimita 180 ce, ba 100 da ake amfani da ita a hoton hannu ko ƙafa ba. Idan kin rage ta, zuciya za ta fito da girman da ba nata ba, likita ya zaci ciwo ne. Ki saita tsakiyar haske a ƙashin baya daidai ƙasan allon kafaɗa, ki taƙaita hasken iya ƙirji, ki ɗora alamar dama ko hagu kafin ɗauka, ba bayanta ba.

Numfashi kuwa, ki gwada masa sau ɗaya tukuna: "Baba, ja numfashi sosai, riƙe." Da yawa suna ɗaga kafaɗa ne kawai, ba iska suke ja ba, don haka ki kalli ƙirjin ya buɗe kafin ki danna. In hoto ya fito, ƙirga haƙarƙari: kusan 10 ta baya ko 6 ta gaba su bayyana a saman tantanin da ya raba ƙirji da ciki. Dubi kan ƙasusuwan nan biyu na ƙasan wuya. In ɗaya ya fi kusa da ƙashin baya, mutumin ya karkace. Wani tarko kuma, na'urar kwamfuta tana gyara hoton da aka cika wa haske ya fito tas, sai ɗalibi ya saba da zuba mAs, wato yawan hasken da na'ura ke fitarwa, fiye da kima bai sani ba. Ki riƙa duba lambar da ke nuna yawan hasken da allo ya karɓa.

Ɗana ne ke wannan karatu. Ana ce mini hasken nan yana hana haihuwa. In bar shi ya ci gaba?
Wani uba, Tudun Wada

Malam, a bar shi ya yi karatunsa. Ƙa'idar duniya ta kayyade wa ma'aikaci milisibat 20 (ma'aunin hasken da ya shiga jiki) a shekara, a matsakaicin shekara biyar, kuma wanda ke tsayawa bayan katangar kariya yakan samu ƙasa da haka nesa ba kusa ba. A Najeriya hukumar kula da harkokin nukiliya, NNRA, ce ke sa ido kan wannan. Abin da za ku tambaye shi: yana maƙala bajon auna haske a ƙirjinsa, ana kuma karɓa a karanta? Idan za a ɗauki hoto a ɗakin kwanciya da na'urar turawa, ya sa rigar darma, ya ja baya aƙalla mita 2, domin in tazara ta ninka, haske yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Kada ya riƙe majiyyaci lokacin ɗauka. Ɗan'uwan majiyyaci ne zai riƙe, sanye da rigar. Ita ma rigar ratayewa ake yi, ninkewa na tsaga darmar cikinta. A gaskiya tarin fuka ya fi zama abin lura a ɗakin hoton ƙirji, don haka takunkumi da wanke hannu ba wasa ba ne.

Sati biyu ke nan shara da kiran suna kawai nake yi, ba a bar ni na taɓa na'ura ba. Haka tsarin yake?
Ɗalibi, Kongo

Haka yake farawa, ɗan'uwa, ko a babban asibitin koyarwa irin na Shika. Ɗalibi ba shi da lasisin RRBN, hukumar da ke yi wa masu ɗaukar hoton asibiti rajista, saboda haka duk hoton da ya ɗauka yana wuyan wanda ke kula da shi. Ka zo da wuri ka ga yadda ake ɗumama bututu da safe, ka nemi a bar ka ka tsayar da majiyyaci ko da wani ne zai danna. Duk aikin da ka yi ka rubuta a littafin aikinka, a sa maka hannu a ranar. Idan aka kai ka ɗakin MRI, na'urar hoto mai aiki da maganaɗisu, ka tuna maganaɗisun nan ba ya mutuwa ko an tashi aiki: makulli, almakashi, waya da katin ATM duk a waje za ka bar su.