Tsakanin Tashi da Gudu: Amsoshin Tambayoyinku a Kan Giyar Mota

Cikin saƙonnin da suka taru a wannan mako, huɗu sun zo a kan magana ɗaya, wato yadda canjin aksul, ko taya, ko giyabos yake sauya tashin mota da ƙarshen gudunta. Zan fara da ta wani matashi daga Unguwar Rimi a Kaduna, domin idan aka fahimci tasa, sauran za su zo da sauƙi.

Ga abin da ya rubuto: "Malam, ina da BMW 325i manuwal mai giya biyar, ƙirar da ake kira E46. Bakanikena ya ce aksul ɗin bayanta mai lamba 3.15 ne, kuma ya samo mini wani mai lamba 3.46 da aka ciro daga otomatik. Ya ce idan na ɗaura shi motar za ta ƙara ƙarfi. In saya ko in bari?"

Ƙanena, kafin ka ba da kuɗi sai mun gyara kalma ɗaya a maganar bakaniken naka. Ƙarfin da inji yake bayarwa yana nan yadda yake, ko wane aksul ka ɗaura masa. Aikin giya shi ne ta raba wannan ƙarfi tsakanin ja da gudu. Duk wanda ya taɓa hawa keke mai giya ya san wannan a ƙafarsa: idan sarƙa tana kan babban faifan baya, hawa yana yin sauƙi amma ƙafa tana ta juyawa kafin a ci ɗan nisa, idan kuwa tana kan ƙaramin faifai, kowane taki yana kai mutum nesa amma sai ya yi nishi kafin keken ya tashi.

Ma'anar lambar 3.15 ita ce sai farfela, wato dogon ƙarfen da ke kai juyi daga giyabos zuwa aksul, ta juya sau uku da ɗan ɗoriya kafin taya ta juya sau ɗaya. Ana samun lambar ne daga haƙoran da ke cikin aksul: idan babban zoben yana da haƙori 41, ƙaramin da ke tura shi kuma yana da 13, raba na farko da na biyu zai ba ka 3.15, idan kuma babban yana da 45 sai a sami 3.46. Giya ɗaya ta irin motarka tana kusa da 4.2, saboda haka a yanzu inji yana juyawa kusan sau 13 kafin taya ta kammala zagaye ɗaya, da sabon aksul kuwa zai zama kusan sau 14 da rabi. Wannan yana nufin ƙarfin murɗa da ke isa taya zai ƙaru da kusan kashi 10 cikin 100, kuma a kowace giya haka zai kasance. Za ka ji shi a gadon bayanka da zarar danja ta sake ku, kuma shan gaban tirela a giya huɗu zai fi maka sauƙi. A nan bakaniken naka ya faɗi gaskiya.

Abin da bai gaya maka ba shi ne ladan da za ka biya. Idan tayarka 205/55R16 ce, zagayenta ɗaya yana cin ƙasa da mita biyu kaɗan, wato tana juyawa kusan sau 840 a minti ɗaya idan kana gudun kilomita 100 a awa. Giya ta biyar a motarka ɗaya da ɗaya take, ba ta ƙara ba ta rage, saboda haka da aksul ɗinka na yanzu inji yana juyi kimanin 2,650 a wannan gudu, da sabon kuma zai koma kimanin 2,900. Haka zai zauna yana wannan ƙarin aiki tun daga Kaduna har Abuja, ƙararsa ta ƙaru, shan mai ma ya ƙaru. Akwai kuma wani abu da masu sha'awar tashi suke mantawa da shi. A yanzu giya biyu tana kai ka kusan kilomita 98 kafin allura ta taɓa jan layi a juyi 6,500, amma da sabon aksul za ta ƙare a wajen 90, dole ka jefa giya uku. A wannan ɗan tsakani motar da ba a taɓa ba tana cikin giya biyu, tana ja fiye da taka. Shi ya sa idan aka auna da agogo, ribar da ake samu ba ta kai yadda jiki yake ji ba. Taura biyu ba ta taunuwa a lokaci guda.

Shawarata ita ce, idan yawancin zirga-zirgarka cikin gari ne, sai jifa-jifa ka leƙa Zariya, ka saya, domin ƙarin kashi goma matsakaici ne kuma zai sa motar ta yi daɗin tuƙi. Idan kuwa kowane mako kana kan hanyar Abuja, ka bar aksul ɗinka yadda yake. Kada kuma wani ya ruɗe ka da mai lambar da ta kusa huɗu, domin giya ɗaya za ta zama ba ta da amfani, kuma da damina tayar baya za ta riƙa sulɓi a kan jiƙaƙƙiyar kwalta tun kafin ka shirya mata.

In ka tashi saye, ko a Panteka ko a hannun masu kayan Beljiyam, kada ka dogara da lambar da aka faɗa maka da baki. Idan aksul ɗin ba mai kullewa ba ne, ka sa a riƙe gefe ɗaya, a yi alama da alli, a juya ɗaya gefen sau biyu daidai, kai kuma kana ƙirga juyin bakin da farfela take ɗaurewa. Idan ya kusa sau uku da rabi, 3.46 ne. Ka sa a gwada wannan baki da farfelarka tun da daga otomatik aka ciro shi, a kuma tsiyaye mansa a duba ko akwai ɓarɓashin ƙarfe. Tsohon aksul ɗinka kuma ka adana shi, kada ka bayar a canji. Malejinka ba zai ruɗe ba, domin wannan ƙira daga na'urar da ke jikin taya take karanta gudu. Wannan ya bambanta da irin Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kakuri, inda kamfanin ya fara aiki a 1975. Ita wayar malejinta daga giyabos take fitowa, don haka duk wanda ya sauya mata aksul da mai wata lamba sai malejin ya daina faɗa masa gaskiya.

Tambaya ta biyu daga wata baiwar Allah ce a Barnawa. Ta ce ɗanta ya cire wa Corolla ɗinta tayoyinta 195/65R15 ya sa mata manyan wili masu taya 215/55R17 don motar ta ƙara kyau da tsawo, amma tun daga nan ta ga motar ta yi nauyi wajen tashi kuma mai ba ya auki. Tana tambaya ko inji ne ya fara gajiya.

Hajiya, ina kyautata zaton injinki lafiyarsa lau. Taya ita ce giya ta ƙarshe a jikin mota, kuma ɗanki ya canza miki giya ba tare da ya sani ba. Lambobin da ke gefen taya suna bayyana girmanta: na farko faɗinta ne da milimita, na biyu tsayin gefenta ne a matsayin kaso na wannan faɗi, na ƙarshe kuma girman wili ne da inci. Idan aka lissafa, tsayin tsohuwar tayarki daga ƙasa zuwa sama kimanin milimita 635 ne, sabuwar kuwa kimanin 668, wato ƙarin fiye da kashi 5 cikin 100. Da wannan gwargwado ƙarfin da ke tura motar ya ragu, ga kuma nauyin babban wili da faɗin taya da inji zai riƙa ja a kowane tashi. A cunkoson Kasuwa da Kawo, inda ake tsayawa ana tashi, nan ne man yake tafiya. Tsawon da motar ta ƙara kuwa rabin wancan bambanci ne kawai, bai kai santimita biyu ba.

Abin da ya fi damuna a lamarinki shi ne maleji. Tun da kowane juyin taya yanzu yana cin ƙasa fiye da yadda aka tsara, idan allura ta nuna 100 kina iya kasancewa a wajen 105, lissafin nisan da kika yi shi ma zai riƙa zuwa ƙasa da gaskiya, wanda hakan zai sa ki ga kamar shan man ya fi yadda yake muni. Idan tsofaffin wilin suna nan, ki sa a mayar da su. Idan kuma ana son a ɗan ƙawata motar, wili mai inci 16 da taya 205/55R16 tsayinsa kusan ɗaya ne da na asali. Akwai taya mai siririn gefe da za ta dace da inci 17 ɗin, amma ba zan ba ki shawararta ba, domin rami ɗaya a cikin unguwa ya isa ya kumbura ta ko ya lanƙwasa wilin.

Na uku ma'aikaci ne daga Mando, wanda ya ce motarsa ba ta wuce 170 ko ya taka totur har ƙasa, kuma an ba shi shawarar ya sa giyabos mai giya shida don ta ƙure maleji.

Ɗan'uwa, sai ka fara duba allurar juyin inji a lokacin da motar ta tsaya a wannan gudu. Idan ta kai jan layi, giya ce ta tsayar da kai, kuma giyar da ta fi miƙewa za ta iya ƙara wani abu. Amma a yawancin motocin da muke hawa allurar ba ta kaiwa nan, domin iska ce take tare motar. Turjiyar iska tana ninkuwa sau huɗu idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin injin da ake buƙata don keta ta kuwa yana ninkuwa sau takwas. Daga 160 zuwa 200 kaɗai ana buƙatar kusan ninki biyu na ƙarfin. Idan ka sa giyar da ta fi miƙewa a kan injin da bai ƙara ƙarfi ba, juyinsa zai sauka ƙasa da inda yake ba da cikakken ƙarfinsa, gudun ma sai ya ragu. Wannan ne dalilin da ya sa motoci da yawa suke kai ƙarshen gudunsu a giyar da take kafin ta ƙarshe. Ta ƙarshen an yi ta ne don rage shan mai da ƙara a doguwar tafiya, kuma idan wannan kake nema, giya shida za ta amfane ka.

Ba zan rufe amsarka ba tare da na faɗa maka abin da ke raina ba. Iyakar gudun da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa take aiki da shi ga motar gida a babbar hanya mai tagwayen layi kilomita 100 ne a awa, cikin gari kuma 50. Nisan da birki yake buƙata a gudun 140 ya kusa ninki biyu na wanda yake buƙata a 100, kuma hanyar Zariya tana ratsa garuruwa inda mutane da dabbobi suke tsallakawa. Kowace taya kuma tana da harafin da ke nuna iyakar gudunta, T na 190, H na 210, V na 240, amma wannan alkawari ne ga sabuwar taya mai lafiya. Ka duba lambobi huɗu da ke gefenta, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Kuɗin giyabos ɗin nan, ina roƙonka ka sa shi a sababbin tayoyi da gyaran birki.

Ta ƙarshe daga wani direban haya ce da ke lodi a tashar Kawo zuwa Jos. Giyabos ɗin Golf ɗinsa ya lalace, an sa masa na Beljiyam, ya ɗauru daidai, amma yanzu da cikakken lodi motar ba ta son hawa, sai ya riƙa saukowa giya uku a inda da yake wucewa da huɗu.

Malam direba, alamun suna nuna an sa maka giyabos mai gudu a madadin mai ja, kuma ba mamaki daga motar dizal aka ciro shi. Injin dizal yana ba da ƙarfinsa a ƙasan juyi kuma ba ya hawa sama kamar na fetur, shi ya sa ake yi masa giyar da ta fi miƙewa. Ɗauruwar kusoshi ba ta nuna cewa haƙoran ciki iri ɗaya ne. Akwai haruffa da aka buga a jikin kowane giyabos kusa da inda yake haɗuwa da inji, ka goge na tsohon naka ka karanta, ka kwatanta da na sabon. Idan sun bambanta, ka koma wurin mai kayan ka nemi canji tun da wuri, domin tilasta wa motar hawan da ke bayan Saminaka da wannan giya zai cinye maka kuloci kuma ya riƙa ɗumama inji. Wanda za a ba ka a madadinsa, ku yi yarjejeniya a gaban shaidu cewa sai ka gwada shi da lodi a kan hawa kafin ka cika sauran kuɗin.