Kasuwa ta Koma Cikin Waya: Ku Tambaya Mu Amsa

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon saƙonni sun yi yawa wallahi, kuma kusan duk akan abu ɗaya suke, wato yadda waya ta shigo kasuwa ta kankane komai, tun daga mai tumatir a bakin titin Samaru nan Zariya har dillalin buhuna. Na tsamo guda biyar. Waɗanda suka turo tambayar farashin siminti ku yi haƙuri sai wani jiƙon.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ina da shagon firobishin a kasuwan Sabon Gari, sau biyu kenan ana min alat na ƙarya, na farko katan biyu na taliya aka ɗauka na biyu kuma buhun sukari, mutumin ya nuna min wayanshi an rubuta kuɗi sun tafi har da rasit, nima saƙo ya shigo min, sai da dare da na zo lissafi naga wayam. Yanzu tunani nake in daina karɓan taransifa gaba ɗaya in koma tsabar kuɗi kamar da. Meye shawaranka? Daga mai shago, Sabon Gari.

AMSA: Allah Ya mayar maka da alheri Alhaji, shi kuma wanda ya ci Allah Ya shirye shi in mai shiryuwa ne. Amma batun ka daina karɓar taransifa, kar ma ka fara. Ka tuna farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, da Babban Banki a zamanin Emefiele ya sauya takardun 200 da 500 da 1000 aka wayi gari tsohon ba ya karɓuwa sabon kuma babu shi, har sai da Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara Kotun Ƙoli aka yanke hukunci ranar 3 ga Maris. A waɗannan makonnin ne mai shayi da mai rake da mai kayan miya suka buɗe akawun dole ba don suna so ba, kuma tun daga nan mutane suka saba fita ba ko sisi a aljihu. Yau in kace ba ka karɓa, kastoma ba zai tsaya gardama da kai ba, shagon gaba kawai zai matsa, kuma ka san Sabon Gari shago na jikin shago.

Matsalar ba taransifa bace, abinda kake dubawa ne. Saƙon tes da yake shigo maka, ɗan damfara na iya turo shi da sunan bankinka a sama, ya faɗa cikin jerin saƙonnin bankin na gaske kamar ɗan gida. Rasit ɗin da ya nuna maka a wayarsa kuma hoto ne, ana gyara shi kamar yadda ake gyara hoton biki. Abinda ba ya iya taɓawa shine balans ɗinka. Don haka ka buɗe manhajar bankinka ka gani da idonka, in ƙaramar waya ce ka danna lambar bankin naka, irin su *737# ko *894# ko *901#, ka duba. Kuɗi tsakanin banki da banki ta wani tsari na NIBSS, kamfanin da yake haɗa bankunan ƙasar nan, suke bi wanda ake amfani da shi tun 2011, kuma in lafiya lau ne cikin daƙiƙoƙi suke sauka. In ba su sauka ba to kaya ma kar su tashi, ka ba shi kujera da ruwa ku jira tare, mai gaskiya zai zauna ko ya bar kayan yace zai dawo, shi kuwa ɗayan nan take zaka ji ya fara wai mota na jiransa, wai yana da ɗaurin aure.

Sannan ka yi adalci, wani lokacin da gaske an cire wa mutum kuɗi amma netwok ya riƙe su a hanya. Ni kaina ya taɓa faruwa da ni a wani shago wajen PZ, wani banki ya zare kuɗina mai shago bai gani ba, na tsaya ina zufa ana kallona kamar ɓarawo, sai bayan kwana biyu suka dawo min. Irin wannan ka karɓi lambar mutum ka ajiye masa kayansa gefe, ba sai an yi tashin hankali ba.

Wani abu kuma da ba ka tambaya ba amma zan faɗa, ka rubuta lambar akawun ɗin shago da manyan baƙi ka liƙa a bango har da sunan da zai fito. Da yawan asarar da masu shago suke ɗora wa alat na ƙarya, in ka bi diddigi yaron shago ne ya karanto wa kastoma lambar akawun ɗinsa maigida ya tafi sallah. Ban ce naka haka yake ba fa.

TAMBAYA: Yaya ina wuni. Ni matar aure ce a Tudun Wada ina saida atamfa da leshi da humra da turaren wuta daga cikin gida, a sitatus na WhatsApp nake sawa, alhamdulillahi ana saye amma kullum mutane ɗaya ne, ƙawaye da dangin miji, kuma rabi bashi ne. Ƙanina yace in shiga Jumia ko in sa a buɗe min shafi nawa na kaina. Dan Allah wanne ya fi?

AMSA: Lafiya lau ƙanwata, Allah Ya sa albarka a nema. Ni dai a ganina duk biyun ba yanzu ba, bari kiji dalili.

Jumia da Konga duk a Legas aka kafa su a 2012, Jumia har ta shiga kasuwar hannun jari ta New York a 2019, manya ne ba wasa ba. Amma an gina su ne akan kayan da kowa ya san kamanninsu, waya, firji, takalmi mai lamba, wanda mutum zai gwada farashi ya danna. Suna cire kamasho a duk abinda aka saya, farashi ɗaya ne babu albarka babu ƙara min, ga dokar mayar da kaya. Ke kuwa turaren wuta kike sayarwa, abinda sai an shinshina, ko kuma wata tace wa wata ai na wance na Tudun Wada ya fi kama ɗaki. Shafi na kanki kuma kamar ki gina shago ne a tsakiyar daji, an gina ya yi kyau amma wa zai bi ta wajen, sai kin kashe kuɗin talla kafin ƙafa ta tako.

Abinda zaki fara yi kyauta ne. Ki sauke WhatsApp Business, tun 2018 aka fito da shi don masu ƙaramar sana'a irinki, akwai wajen da zaki jera kayanki da hoto da farashi, ba sai kina amsa nawa ne nawa ne sau hamsin a rana ba. Ki ware masa layi daban da na gida. Daga nan ki buɗe Instagram ko TikTok na sana'a kawai, can ne baƙin ido suke, sitatus ai sai wanda ya riga ya ajiye lambarki ne yake gani shi yasa kike ta zagaye cikin dangi. Hoto kuma ki ɗauka da hasken rana a tsakar gida kar ki sa masa filta, don babu abinda yake kashe mai saida atamfa onlayin kamar a ga ruwan toka a waya a buɗe leda a ga ruwan ƙasa.

Inda zaki sha wuya shine kai kaya, kuma nan ne duk masu kasuwar onlayin na ƙasar nan suke ciwon kai har manyan. Adireshinmu ai kin san shi, in kin wuce Ƙofar Doka ki shiga lungu na biyu bayan masallaci gidan da akwai dalbejiya. Ki samu ɗan acaɓa ko mai keke Napep guda ɗaya amintacce wanda maigidanki ya sani, ya zama shine naki. Na nesa kuma, Kano ko Kaduna ko Abuja, a kai tasha a ba direba, ki ɗauki hoton kayan da lambar motar da lambar direba ki tura wa mai kaya. Kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin aike ba abin da zaki ce bari na yafe bane, ki faɗe shi tun farko daban da kuɗin kaya.

Bashi kuwa, hmm. Waya ba ta maganin zan turo ƙarshen wata. Akwai manhajojin rubuta bashi, amma littafin makaranta mai layi ma ya isa in dai zaki rubuta a ranar, suna da kaya da ranar biya. Baƙuwa kuma sai kuɗi sun shigo kaya su fita. Dangin miji ne dai ban da ta cewa, wannan sai ke.

Ki sa ido kuma akan su Temu da suke turo kaya kai tsaye daga Chana a farashin da ba zaki iya karawa da shi ba. Jaka da takalmi da ɗan kunne zasu cinye wannan kasuwar a hankali. Humrar da kika haɗa da hannunki ko ɗinkin hannu irin na birnin Zazzau kuwa babu masana'antar da zata kwaikwaya, a nan zan so ki fi zuba jarinki.

TAMBAYA: Malam ni ɗalibi ne a ABU Kongo. Na ga bidiyon wani kanti a Amurka da babu mai karɓar kuɗi, ka ɗauki kaya ka fice a cire a akawun ɗinka. In wannan ya zo nan ina yaran shago zasu sa kansu?

AMSA: Ɗan samari kwantar da hankalinka. Wannan Amazon Go ne na kamfanin Amazon, an buɗe shi ga jama'a a birnin Siyatil a Janairun 2018, kyamarori ne birjik a rufi da na'urori a jikin kanta suna lura da abinda hannunka ya ɗauka. Ya burge duniya, amma su da kansu a 2024 suka cire tsarin daga manyan kantunansu na kayan abinci a Amurka suka koma wa keken sayayya mai lissafi. To in inda wuta ba ta ɗaukewa ma abin bai zauna daram ba, ina ga inda ake kwana uku ba a ga ƙyallinta ba.

Ka lura da wani abu, zanen layi-layin nan da ke jikin kwalin kaya, tun 1974 aka fara karanta shi da na'ura a wani kanti a jihar Ohayo, akan fakitin cingam, amma har yau shaguna nawa ne a Zariya suke amfani da shi in ka cire 'yan manyan kantuna? Fasahar da take kama ƙasa a wajenmu ita ce mai arha wadda take aiki da batiri, shi yasa POS ya cika gari, kuma shi aiki ma ya samar, duk kwana ka ga matashi da lema da teburi. Yaron shagon da ya kamata ya damu shine wanda bai iya duba balans ba, bai iya rubuta abinda ya shigo da wanda ya fita a waya ko kwamfuta ba. Kai da kake jami'a, da zaka bi shagunan Tudun Wada kana saita musu lissafin kaya a waya kana karɓar ɗan wani abu, da ka samu na handawut.

TAMBAYA: Wai ina labarin eNaira ne? Daga wani Bakano mazaunin Hanwa.

AMSA: eNaira, wato nairar cikin waya ta Babban Banki, tana nan a takarda, marigayi Buhari ya ƙaddamar da ita a Oktoban 2021. Ni dai ban taɓa tsayawa gaban mai shago yace min in biya da ita ba, tunda abinda take yi taransifa ta riga ta yi shi. Bakano da son sabon kuɗi, ka riƙe wanda ke hannunka dai.

TAMBAYA: Malam mahaifina hatsi yake saye a kasuwar Giwa da ƙauyukan kewaye, har yanzu da kuɗi a buhu yake tafiya kuma ka san yadda hanya ta zama. Na buɗe mishi akawun a ɗaya daga kamfanonin POS ɗin nan amma yace shi bai yarda da bankin da ba shi da ƙofa ba, in suka gudu wa zai kama? Ya zan shawo kanshi?

AMSA: Ka gaida Baba, kace ina ba shi gaskiya rabi. Tambayarsa tambaya ce ta mai hankali, don ko banki mai ƙofa da gilashi ma yana rufewa, a watan Yunin 2024 Babban Banki ya soke lasisin bankin Heritage. Abinda ake dubawa ba gini bane, lasisi ne da inshorar hukumar NDIC. A 2024 hukumar ta ɗaga abinda take biyan mai ajiya in banki ya durƙushe zuwa naira miliyan 5 a manyan bankuna, miliyan 2 a ƙananan bankuna irin na maikurofainans. Kaga kenan wanda yake juya kuɗin tirelar masara bai kamata ya jibge su duka a wuri ɗaya ba ko wane iri ne. Uwar kuɗin ta zauna a babban banki, na cinikin ranar kasuwa kawai za a riƙa turawa ƙaramin akawun, kuma a tabbatar an haɗa shi da BVN da NIN ɗinsa shi kansa ba naka ba, saboda ranar da za a samu matsala ko ranar rabon gado, Allah Ya ja da ransa.

Ka kuma gaya masa naira 50 ɗin da zai ga ana cira in kuɗi sun kai dubu 10 harajin gwamnati ne ba sata ba, don na san dattawa, ita kaɗai ta isa yace a rufe akawun ɗin.

Ɗaya rabin kuma, manomin da ya kawo buhu biyu daga ƙauyen da sai an hau tudu ake samun sabis ba lallai ya karɓi taransifa ba, kuma ba laifinsa bane. Don haka kar ka ce wa Baba ya daina riƙe tsaba kwata-kwata, ba zai ji ba kuma ba zai yiwu ba. Ku fara da manyan dillalan da suka riga suka saba, su a tura musu, sauran kuma ya cira a wajen masu POS na cikin kasuwar in ya isa maimakon ya ɗauko daga gida ya bi hanya da su, cajin da zasu cire bai kai abinda ake gudu ba. Lambar sirri kuma kar ya rubuta ta a bayan kati, kar ya miƙa wa yaron POS yace danna min. Ka bi shi kasuwa sau uku ko huɗu kana tsaye a gefensa yana dannawa da kansa har hannunsa ya faɗa.