Kafin ka miƙa kuɗin motar nan

Ɗana, ka ce ka tara 'yan kuɗinka kana son motar farko, ka ga wata Vitz mai ƙyalli wajen wani dila, kuma yana matsa maka wai akwai wanda zai zo da kuɗi gobe, shin ka biya ko ka tsaya. Ka tsaya mana. Mai zuwa goben nan tun ina yaron masta nake jin labarinshi, har yau bai iso ba.

Kuɗin da ke hannunka ba duka ba ne na mota. Cire kamar kashi ɗaya cikin biyar ka ajiye gefe, don ranar da ka karɓi makulli za ka juye baƙin mai, ka canza filta, wataƙila batir ko taya biyu, ga inshora, ga canjin suna a DVLA, hukumar rajistar motoci ta Ghana. Abin da ya rage shi ne ƙarfinka, da shi za ka shiga kasuwa.

Kuma ka sayi motar da kayanta ke zube a nan Suame Magazine, unguwar makanikai da kayan mota ta Kumasi. Corolla, Yaris, Vitz, Kia Picanto, Hyundai i10, waɗannan ko da ƙafa ka zaga za ka samo fam ɗinsu da shokozoba kafin azahar. Amma ka je ka ɗauko tsohuwar Benz ko BMW don an karya maka farashi, sensa ɗaya ta mutu sai an aika Abossey Okai a Accra, can ma a ce sai an yi oda, kai kuma kana hawa trotro, motar haya, mota na kwance a gida.

Takardu kafin injin, wannan ka riƙe shi da kyau. Lambar shasi a yawancin motoci guda 17 ce, haruffa da lambobi, galibi tana ƙasan gilashin gaba ta gefen direba ko a jikin ƙofa, ka gwada ta da ta takarda ɗaya bayan ɗaya, kar ka ji kunya. In hom-yus ce, wato kwancen ƙasar waje, da ba a yi wa rajista ba sai ka ga takardar diyuti ta kwastam, saboda akwai motocin da ke shigowa ta Togo ba a biya komai ba, ranar da aka tare ka kai za a ƙwace wa, dila ya daɗe da cin kuɗinshi. In mai lamba ce, mai sunan da ke takarda ya bi ka DVLA da Ghana Card ɗinshi. Ya ce wai ta yayanshi ce yana Turai? Sallame shi. Sitikar inshora ma ana buga ta bogi, danna *920*57# a wayarka ka sa lambar motar ka gani.

To injin. Ka je da sassafe ba tare da ka faɗi lokaci ba, ka dafa bonet, in da ɗumi an riga an tada ta don kar ka ji yadda take tashi da sanyi. Buɗe murfin mai ka leƙa, in ka ga abu fari-fari kamar koko da madara, ruwa ya haɗu da mai, gasket ne ko abin da ya fi shi. A tada ta kai kana baya wajen salansa: hayaƙi shuɗi mai take sha, fari mai kauri da ba ya ɗaukewa ruwa take ƙonawa, baƙi kuma fetur ne ya yi yawa, shi ne mai sauƙin cikinsu. Kafin a tada ɗin ma murɗa makulli rabi ka kalli dashbod, dole fitilar injin da ta ABS da ta iyabag su kama sannan su mutu bayan ta tashi. Wadda ba ta kama ba sam, cire ƙwan aka yi ko aka liƙe shi, kai ma ka ga ana yi a layin nan, ba sai na faɗi shagon wa ba. Ari na'urar sikana, mai karanto matsala daga kwamfutar mota, ka tafi da ita.

Da yawa cikin hom-yus ɗinmu daga gwanjon Amurka suke, masu hatsari ko waɗanda ambaliya ta shanye, a gyara a fesa fenti. Hatsari ba shi ne matsala ba in bai taɓa shasi ba, shiga ƙasa ka duba ko akwai walda ko lanƙwasa, ka bi jikinta da ɗan maganaɗisu, inda ya ƙi kamawa boti aka cika, wato abin da ake cike lotsawa da shi kafin fenti. Ta ruwa ce nake tsoro. Ɗaga kafet, shinshina, duba tsatsa a ƙarfen ƙasan kujera da laka a ramin safaya taya, ja bel har ƙarshe ka ga ko da tabon ruwa. Irin wannan yau wayarin, gobe kwamfutar injin, jibi gilashi ya ƙi sauka, ba ta ƙarewa. Kuma mitar Amurka mil take ƙirgawa, mil 100,000 wajen kilomita 160,000 ke nan, in ma ba a mayar da ita baya ba, don haka kalli yadda robar feda da sitiyari suka cinye.

Vitz ɗin taka kuwa, da yawansu daga Japan suke da sitiyari a dama aka juyo shi hagu, tunda mu a Ghana tun 1974 hannun dama muke bi. Wani juyin yana da kyau, wani kuwa Allah ya kiyaye, wayoyi a ɗaure da salatif. Leƙa ƙasan dashbod da tocila.

Sannan ka tuƙa ta da kanka, ba zagayen fili ba, rediyo a kashe, AC a kunne, ka hau tudu, ka shiga gargada, ka tsaya cikin go-sulo na shataletalen Suame ka ga ko allurar zafi za ta hau. Giya in tana fizga ko tana jinkirin shiga, bar musu kayansu, kuɗin giyabos zai cinye ajiyarka duka.

Gaya wa dilan ranar Asabar za mu zo tare, a kawo ta shago mu ɗora ta a rami. Kar ka ba shi ko sidi ɗaya na kafin alƙalami kafin nan, kuma in mun je ka daina washe baki a gabanshi, ni zan yi ciniki.