Amsa: Taswirar aiki ta ƙara cunkushewa bayan gyara

Malam, ka ce kun ciro taswirar BPMN, wato zanen da ke nuna matakan aiki da akwatuna da kibiyoyi, daga tsohuwar manhajar sayar da taki ta wata ƙungiyar manoma a Daura, kuka gyara ta, sai ta ƙara rikicewa. Matsalar tana cikin jerin matakan da kuka bi.

Taswirar da aka haƙo daga cikin manhaja takan zo da tarkace: akwatunan da babu kibiyar shiga ko ta fita, da ƙananan ayyuka irin "karanta lambar manomi", waɗanda aikin kwamfuta ne, ba na ofis ba. Da su za ka fara. Amma ka duba kowanne da idonka kafin ka goge, don wani akwatin da ke zaune shi kaɗai aiki ne na gaske, kamar sa hannun ma'aji, na'urar ce kawai ta kasa gano mahaɗinsa.

Sai ka dunƙule ƙananan ayyuka masu bin juna. Duba rajista, lissafin buhuna da buga rasit su koma "sayar da taki". Mararraba, wato inda hanyar aikin ke rabuwa ko haɗuwa, in biyu iri ɗaya suka zo a jere, haɗe su.

Alamar farawa, ta ƙarewa da mararrabar da ta ɓace, sai a ƙarshe za ka saka su. Idan ka fara da su, tarkacen zai samu kibiyoyi, ya saje da aikin gaske.

In akwatuna sun haura 50, raba taswirar gida-gida. Sannan ka ba akawun da ke wannan aikin kullum ya bi ta da yatsa. Inda ya tsaya, nan za ka sake dubawa.