Uwar mijina ta ce aikina ne ya lalata min yaro

Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki taimaka min wlh kaina ya kulle. Ni nas ce, wani satin safe wani satin dare. Ɗana shekararsa 4, tun bayan sallah ya koma wani iri, in aka hana shi abu sai ya zube ƙasa yana birgima yana ihu, ga cizo, rannan har "uwaki" ya yi wa yarinyar da ke min aiki a gaban baƙi, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Hajiya uwar mijina ta ce laifina ne, wai na zaɓi albashi na bar ɗa hannun 'yar aiki, ban ga facalata tana gida ba? Alhali babban ɗan facalar tawa kwanan nan ya fasa wa ƙaninsa kai da murfin tukunya. Gaskiya in na dawo a gajiye nake, waya nake miƙa masa ya kalli katun, kuma ba na shigowa hannu rabbana sai da Bobo ko biskit. Yakan kai 11 bai kwanta ba. In ajiye aikin ne?

Daga ƙanwarki a Kaduna

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kar ki rubuta takardar ajiye aiki tukuna, ai murfin tukunyar nan ya riga ya ba Hajiya amsa, sai dai ba da bakinki za ta ji ba.

Ni abin da na gani a wasiƙarki waya ce da barci. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2019 ta ce ɗan shekara 2 zuwa 4 kar kallonsa ya wuce awa ɗaya a rana, ɗan 3 zuwa 4 kuma yana buƙatar barcin awa 10 zuwa 13. Naki yana kai 11 ido biyu kuma a tashe shi makaranta da sassafe, dole ya yi ta rigima, ko ke bayan dutin dare ya kike ji? Ƙarfe 8 ya kwanta, kina nan ko ba kya nan.

Tsarabar kullum kuma, ki yi haƙuri, cin hanci ce, yaron ma ya gane. Ki ajiye jaka, ki kashe wayar, ki zauna da shi a tabarma ko minti 20 ne ya ba ki labarin makaranta. In ya zube yana birgima kar ki doke shi kuma kar ki ba shi abin, ki tsaya kusa har ya gaji. Satin farko ihun ƙaruwa zai yi, ki daure.

Zagin nan kuwa wani ya ji yana yi, ki bincika a hankali. Ki zaunar da yarinyar da maigidan ku tsayar da doka ɗaya, kuma shi zai lallashi mahaifiyarsa. In an yi wata biyu cizon bai ragu ba, ko maganarsa ba ta kai ta sa'anninsa ba, ga likitan yara nan kusa da ke, ki kai shi.